Sidney Poitier: Ɗan Manomin Tumatir da Ya Sauya Fuskar Silimar Amurka

Sidney Poitier ɗan wasan fim ne kuma darakta, ɗan ƙasashen Amurka da Bahamas, wanda ya rayu daga shekarar 1927 zuwa 2022. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi, wadda ita ce lambar yabo mafi daraja a masana'antar finafinan Amurka. Ya fito a finafinai sama da 40, ya kuma ba da umarnin guda 9. Sai dai ba yawan finafinai ne ya ɗaukaka sunansa ba. Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne irin rawar da yake yarda ya taka da irin wadda yake ƙi, a zamanin da silimar Amurka ba ta saba nuna baƙar fata a matsayin mutum mai daraja ba.

Kafin zuwansa, rawar da ake ba baƙar fata a Hollywood sananniya ce: ko bara, ko kuku, ko mai raino, ko dolo wanda ake sa wa a yi dariya. A wasu tsofaffin finafinan ma Turawa ne ke shafa baƙi a fuska su fito a madadinsu. Hattie McDaniel, wadda ta ci Oscar ta mataimakiyar jaruma a 1940 saboda fim ɗin Gone with the Wind, rawar baiwa mai hidimar gida ta taka, kuma a daren bikin an zaunar da ita a wani teburi na daban, nesa da abokan aikinta Turawa. Wannan ita ce masana'antar da Poitier ya tarar.

Haihuwa da tasowa

An haife shi ranar 20 ga Fabrairu 1927 a birnin Miami na jihar Florida. Iyayensa, Reginald da Evelyn, manoman tumatir ne daga tsibirin Cat da ke Bahamas, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Sun ƙetaro teku ne don sayar da amfanin gonarsu, sai naƙuda ta kama mahaifiyar tun lokaci bai yi ba. Bakwaini aka haife shi, ƙanƙane ƙwarai, har ba a sa ran zai rayu ba. Ya rayu, kuma wannan haihuwa ta kan hanya ce ta ba shi 'yancin zama ɗan ƙasar Amurka. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai.

A tsibirin Cat ya yi ƙuruciyarsa, inda babu lantarki, babu famfo, babu titin kwalta. Talauci ne sosai, amma kusan kowa a tsibirin baƙar fata ne, saboda haka yaron ya tashi bai san cewa launin fatarsa abin raini ba ne a wurin wasu. Daga baya ya sha bayyana cewa wannan tarbiyya, da ganin yadda iyayensa ke cin guminsu ba tare da sunkuyar da kai ga kowa ba, su ne tushen duk matakan da ya ɗauka a sana'arsa.

Yana da kimanin shekara 10 kasuwar tumatir ta lalace, iyalin suka koma Nassau, babban birnin Bahamas. A can ya fara ganin mota, a can kuma ya fara shiga gidan silima. Karatun boko bai yi nisa ba: zamansa a aji bai wuce shekara biyu ba ya fita ya kama aikin lebura. Da mahaifinsa ya ga alamar yaron zai bi abokan banza, sai ya tura shi Miami wajen wan yaron, yana ɗan shekara 15.

A Miami ne ya fara cin karo da wariyar launin fata ta kudancin Amurka, inda doka ta raba makarantu da motocin haya da gidajen abinci tsakanin fari da baƙi. Ya ba da labarin yadda aka aike shi kai kaya gidan wata Baturiya, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba maimakon ta baya da aka ware wa baƙar fata, abin ya zama laifin da ya jawo masa barazana. Bai iya jure wannan zama ba. Yana ɗan shekara 16 ya hau mota ya nufi New York, da 'yan daloli kaɗan a aljihu.

Daga wanke-wanke zuwa dandamali

A New York ya zama mai wanke kwanuka a gidajen abinci, wani lokaci ya kwana a saman rufin gini saboda rashin masauki. Da sanyin hunturu ya tsananta a ƙarshen 1943, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Aka tura shi aiki wani asibitin tsofaffin sojoji masu taɓin hankali a Northport. Bayan kimanin shekara guda aka sallame shi, ya koma wanke-wankensa.

Wata rana ya ga sanarwa a jarida cewa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta American Negro Theatre da ke unguwar Harlem tana neman 'yan wasa. Ya je gwaji. Aka miƙa masa takarda ya karanta, ya yi ta in-ina, ga kuma karin harshen Bahamas mai kauri. Frederick O'Neal, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya raka shi bakin ƙofa ya shawarce shi da ya nemi aikin wanke kwanuka, bai san cewa sana'ar yaron ke nan ba. Maganar ta soke shi, ya ƙudura sai ya zama ɗan wasa.

Ya sayi ƙaramar rediyo, ya shafe kimanin wata shida yana sauraron masu gabatar da shirye-shirye yana maimaita duk abin da suka faɗa, har lafazinsa ya gyaru. A gidan abincin da yake aiki kuma, wani dattijo Bayahude mai raba abinci ya ga yana fama da jarida, sai ya riƙa zama da shi kowane dare bayan an tashi aiki yana koya masa karatu. Poitier ya yi ta ambaton wannan dattijo har tsufansa, yana takaicin cewa bai samu damar komawa ya yi masa godiya ba.

Da ya koma ƙungiyar aka karɓe shi, ya riƙa yi musu shara da goge-goge a madadin kuɗin koyo. A nan ya haɗu da Harry Belafonte, wanda ya zama amininsa na tsawon rai. Wata rana Belafonte bai samu zuwa ba, Poitier ya tsaya a madadinsa, wani furodusa da ke wurin ya gan shi ya ba shi ƙaramar rawa a wasan Lysistrata a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta New York, a 1946. Daga nan ya shiga wasan Anna Lucasta, ya zagaya garuruwa da shi.

Shiga Hollywood

Babbar rawarsa ta farko a fim ita ce ta No Way Out na 1950, wanda Joseph Mankiewicz ya ba da umarni. Ya fito a matsayin matashin likita, Luther Brooks, wanda aikinsa ya tilasta masa jinyar wani ɗan fashi mai tsananin ƙin baƙar fata, rawar da Richard Widmark ya taka. Ganin baƙar fata sanye da farar rigar likita, yana magana da ilimi da natsuwa, sabon abu ne a majigin Amurka, kuma gidajen silima da dama a kudu ba su nuna fim ɗin ba.

Fim ɗinsa na gaba ya kai shi Afirka ta Kudu, inda aka ɗauki Cry, the Beloved Country na 1951, wanda aka gina a kan littafin Alan Paton. Mulkin wariya ya riga ya kankama a ƙasar, don haka shi da abokin aikinsa Canada Lee sai da aka shigar da su ƙasar da sunan barorin darakta Zoltan Korda. Alaƙarsa da Afirka ta ci gaba: a 1957 ya fito a Something of Value, labarin boren Mau Mau na Kenya, da kuma The Mark of the Hawk tare da Eartha Kitt, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Najeriya.

Shekarun farkon nan ba su zo da sauƙi ba. Aiki yakan yanke, har ya buɗe ƙaramin gidan sayar da gasasshen nama a Harlem don ciyar da iyali. A cikin wannan hali aka yi masa tayin dala 750 ya fito a matsayin wani mai shara da 'yan daba suka kashe wa 'ya, shi kuwa bai iya yin komai ba. Matarsa tana da tsohon ciki, ba shi da kuɗin asibiti, amma ya ƙi, domin a ganinsa uba na gari ba zai yi shiru a kan haka ba, kuma ba zai taka rawar da za ta kunyata mahaifinsa ba. Ya jinginar da kayan ɗakinsa ya ci bashi. Wakilin 'yan wasan da ya kawo masa tayin, Martin Baum, ya yi mamakin wannan hali har ya ɗauke shi, suka yi aiki tare shekaru da dama. Hausawa na cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma a kan wannan ƙa'ida Poitier ya gina sana'arsa.

Sunansa ya fara fitowa sosai da Blackboard Jungle na 1955, inda ya fito a ɗalibin sakandare mai taurin kai duk da ya haura shekara 27. A 1958 Stanley Kramer ya haɗa shi da Tony Curtis a The Defiant Ones, labarin fursunoni biyu, fari da baƙi, da suka tsere ɗaure da sarƙa ɗaya. Sun tsani juna, amma babu wanda zai iya tafiya ba tare da ɗayan ba. Curtis ya nace sai an rubuta sunan Poitier daidai da nasa a saman tallar fim ɗin. Rawar ta ba shi kyautar gwarzon jarumi a bikin finafinai na Berlin, ta kuma sa ya zama namiji baƙar fata na farko da aka tsayar takarar Oscar ta gwarzon jarumi. A 1959 ya koma dandamali ya taka Walter Lee Younger a wasan A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry, labarin wani iyali a Chicago da ke son sayen gida a unguwar Turawa. An mai da wasan fim a 1961, shi ne kuma jarumin.

Oscar da gwagwarmayar 'yanci

Fim ɗin da ya kai shi ga Oscar ƙarami ne, Lilies of the Field na 1963, wanda Ralph Nelson ya ɗauka cikin mako biyu da kuɗi kaɗan. Poitier ya fito a matsayin Homer Smith, magini mai yawon neman aiki, wanda ya tsaya neman ruwa a hamadar Arizona, sai wasu mata masu zaman zuhudu da suka gudo daga Jamus ta Gabas suka shawo kansa ya gina musu majami'a. Ranar 13 ga Afrilu 1964 jaruma Anne Bancroft ta kira sunansa a matsayin gwarzon jarumin shekara.

Nasarar ta zo a daidai lokacin da gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ta yi zafi, kuma Poitier bai tsaya gefe ba. Yana cikin taron gangamin Washington na 28 ga Agusta 1963, inda jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, ya yi shahararren jawabinsa. A watan Agusta 1964, jim kaɗan bayan an gano gawarwakin matasa uku 'yan gwagwarmaya da aka kashe a Mississippi, shi da Belafonte suka ɗauki tsabar kuɗi dala 70,000 suka kai wa masu yi wa baƙar fata rajistar zaɓe a garin Greenwood. Cikin dare suka sauka, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ta Turawa masu ƙin baƙar fata suka bi motarsu suna neman ture ta daga kan hanya, amma suka isa lafiya suka miƙa saƙon.

Shekarar 1967

A cikin shekara guda, 1967, ya fitar da finafinai uku da har yau su ne aka fi saninsa da su. Na farko, To Sir, with Love, labarin wani injiniya ne da ya rasa aiki ya kama koyarwa a wata makarantar 'ya'yan talakawa a gabashin Landan, ya gyara kangararrun ɗalibai ta hanyar girmama su da neman su girmama kansu.

Na biyu, In the Heat of the Night na Norman Jewison, shi ne mafi nauyi. Ya fito a matsayin Virgil Tibbs, ƙwararren ɗan sanda mai binciken kisa daga Philadelphia, wanda aka kama a tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari a Mississippi bisa zargin kisa, ba don komai ba sai don baƙo ne baƙar fata da kuɗi a aljihu. Da gaskiya ta bayyana, shugaban 'yan sandan garin, wanda Rod Steiger ya taka, ya ga ba shi da mafita sai ya nemi taimakonsa. A wata fitowa, wani attajiri mai gonar auduga ya ɗauke Tibbs da mari, nan take Tibbs ya rama. 'Yan kallo ba su saba ganin haka ba, kuma Poitier ya ce sharaɗi ya gindaya cewa ba za a cire ramuwar nan daga kowane kwafi na fim ɗin ba. Saboda abin da ya gani a Mississippi ya ƙi yarda a yi aikin a can, aka ɗauki mafi yawansa a garin Sparta na jihar Illinois. Fim ɗin ya ci Oscar ta gwarzon fim, Steiger kuma ya ci ta gwarzon jarumi.

Na uku, Guess Who's Coming to Dinner, ya taɓo batun aure tsakanin fari da baƙi. Poitier ya fito a shahararren likita da wata budurwa farar fata ta kawo gida ta gabatar wa iyayenta, waɗanda Spencer Tracy da Katharine Hepburn suka taka. Lokacin da ake ɗaukar fim ɗin irin wannan aure haramun ne a dokar jihohi 16, sai a watan Yunin shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin. A 1968 masu gidajen silima na Amurka suka zaɓe shi a matsayin jarumin da ya fi kowa jawo 'yan kallo, karo na farko da baƙar fata ya kai wannan matsayi.

Suka da sauya hanya

Ɗaukakar ta zo da suka, kuma mafi zafinta daga 'yan'uwansa baƙar fata ta fito. A watan Satumba 1967 marubuci Clifford Mason ya wallafa sharhi a jaridar New York Times yana cewa Poitier kullum mutum ɗaya yake takawa: mai tsabta, marar aibi, mai warware wa Turawa matsalolinsu, wanda ba ya tayar musu da hankali. Wasu sun riga sun yi ƙorafi a kan ƙarshen The Defiant Ones, inda fursuna baƙar fata ya rasa damar tsira a jirgin ƙasa saboda abokinsa fari. Bayan kisan Martin Luther King a 1968 matasa da yawa sun fi son jarumi mai fushi da ramuwa.

Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin mutanen da yake takawa sau da yawa sun fi ƙarfin ɗan Adam na yau da kullum. Amsar da Poitier ya bayar ita ce shi kaɗai ne babban jarumi baƙar fata a masana'antar, saboda haka duk abin da ya taka za a ɗauka haka dukan baƙar fata suke. Da akwai jarumai da yawa, in ji shi, da ya samu sararin fitowa a mugu ko ɓarawo kamar kowane ɗan wasa. Nauyin al'umma guda aka ɗora wa mutum ɗaya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganin da ya nema shi ne ya mallaki ikon shirya fim da kansa. A 1969 shi da Paul Newman da Barbra Streisand suka kafa kamfanin First Artists. A 1972 ya fara ba da umarni da Buck and the Preacher, fim ɗin kaboyi a kan 'yantattun bayi masu ƙaura zuwa yammacin Amurka, tare da Belafonte da Ruby Dee. Ya biyo da finafinan barkwanci uku tare da Bill Cosby, waɗanda baƙar fata suka yi tururuwar kallo: Uptown Saturday Night a 1974, Let's Do It Again a 1975 da A Piece of the Action a 1977. A 1980 ya ba da umarnin Stir Crazy, na Richard Pryor da Gene Wilder, wanda ya tara sama da dala miliyan 100, fim na farko na darakta baƙar fata da ya kai wannan adadi. A duk waɗannan ayyuka ya riƙa ɗaukar baƙar fata aiki a bayan kyamara, inda a da ba a cika ganinsu ba.

Shekarun ƙarshe

Bayan kimanin shekara 10 bai fito a gaban kyamara ba, ya dawo a 1988 da Shoot to Kill. A talabijin ya taka Thurgood Marshall, lauyan da ya yi nasarar rusa wariya a makarantun Amurka, a Separate but Equal na 1991, sannan ya taka Nelson Mandela a Mandela and de Klerk na 1997, tare da Michael Caine. A ƙasar da ya shiga da sunan bara a farkon sana'arsa, ya koma ya fito a matsayin jagoran da ya kawo ƙarshen mulkin wariya. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ta kasance a 2001.

Ya yi wa Bahamas jakadanci a Japan daga 1997 zuwa 2007, ya kuma wakilce ta a hukumar UNESCO. Ingila ta ba shi lambar girmamawa a 1974. A 2002 aka ba shi Oscar ta karramawa, a daren da Denzel Washington ya zama baƙar fata na biyu da ya ci kyautar gwarzon jarumi, shekara 38 bayan Poitier, Halle Berry kuma ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ta gwarzuwar jaruma. A 2009 Shugaba Barack Obama ya rataya masa lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, wadda ke cikin manyan lambobin da Amurka ke ba farar hula. Ya rubuta littattafai uku a kan rayuwarsa, ciki har da This Life na 1980 da The Measure of a Man na 2000. Ya yi aure sau biyu, da Juanita Hardy sannan da jaruma Joanna Shimkus, ya haifi 'ya'ya mata shida.

Sidney Poitier ya rasu ranar 6 ga Janairu 2022 a gidansa da ke Los Angeles, yana da shekara 94, gwamnatin Bahamas kuma ta sassauto da tutocinta don juyayi. Ya shiga masana'antar da ba ta ga baƙar fata sai a bara, ya bar ta da jarumai da daraktoci da furodusoshi baƙar fata masu yawa, waɗanda da bakinsu suke shaida cewa shi ne ya buɗe musu ƙofa.